Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Hawaii Kan Gaɓar Hanakapiai

Mai girma Gwamna Josh Green,

Kafin ka hau mulki a 2022 ka daɗe kana likita a sashen gaggawa, don haka ka fi kowa sanin ƙanƙantar lokacin da ruwa ke bukata ya kashe mutum. Maganata a kan gaɓar Hanakapiai ce ta tsibirin Kauai, wadda sai an taka sama da kilomita 3 a ƙasa daga gaɓar Ke'e, ta hanyar ƙafa ta Kalalau, kafin a isa gare ta.

Matafiyi yakan iso a gajiye, sharkaf da zufa, ya tarar da ruwa shuɗi a gabansa. Bai san cewa babu shingen murjani da ke karya ƙarfin igiya a wannan gefe na tsibirin, wato Na Pali, ba. Da hunturu teku kan kwashe yashin, ya bar manyan duwatsu masu santsi, igiya ɗaya ta isa ta fizge wanda ya tsaya ɗaukar hoto. In ruwan ya ja mutum, sai ya bi da shi gindin tsaunuka masu tsaye ƙyam, inda babu mafita. Rayuka da dama sun salwanta, wasu ko gawarsu ba a gani ba. Duk da haka babu mai tsaro a wurin, alluna ne kawai ke gargaɗi.

Tun 2019, bayan ambaliyar 2018, jiharka ta taƙaita masu shiga yankin Ha'ena, inda hanyar ta faro, zuwa 900 a rana, baƙi na neman izini tun da wuri, su biya kuɗi. Wanda ya karɓi kuɗin shiga kuwa, ya ɗauki wani nauyi. A ware wani abu daga cikin kuɗin, a ajiye ma'aikaci a bakin gaɓar kullum.

Za a ce ganin ma'aikaci zai sa mutane su ɗauka iyo ya halatta. Ai ba don ceto za a ajiye shi ba, don hani ne, kuma wanda ya wuce allo bai karanta ba yakan tsaya idan ɗan'adam ya ce masa kul. Za a kuma ce baligi ya san abin da yake yi. To, 'yan kwana-kwana fa? A Afrilun 2014, da rafin Hanakapiai ya cika, mutum 121 aka kwaso da jirgi mai saukar ungulu. Ganganci na wani, kasadar ta masu ceto.

Ranka ya daɗe, a sa mutum a wurin kafin hunturu ya dawo.