TAFKUNAN HAƊEJIYA DA NGURU: BAƘO YA GANI, ƊAN GIDA BAI GANI BA

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau ina so mu ajiye maganar tsadar gero da kuɗin rumfa na ɗan lokaci, mu yi maganar wata dukiya tamu wadda da yawanmu ba su taɓa sa ta a ido ba. Ina nufin ƙasar nan ta tafkuna da fadamu wadda ta shimfiɗu daga gabashin Haɗejiya har Nguru da Gashuwa, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are su ke bazuwa cikin rairayi kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ya ke gangarawa Tafkin Chadi. Na sani wani zai ce, "Malam, wanda bai ci ya ƙoshi ba, ina shi ina yawon kallon tsuntsaye?" To, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, za ka ga ashe maganar nan ta tuwonka ce.

Bari in fara da abin da ido zai gani. Wanda ya tashi daga Haɗejiya ya nufi ƙasar Kirikasamma zai isa Baturiya. Nan idan damina ta janye sai ka tarar da tafkuna birjik a tsakanin goriba da kanya da bagaruwa, ruwa ya kwanta lif, bado ya rufe bakinsa. Da sassafe ga dinya, ga kirinjijiya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, ga balbela tana bin shanun Fulani. A cikin tsuntsayen nan akwai baƙi. Su kan gudo wa sanyin ƙasashen Turai, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka nan su yi hunturu, sa'an nan su koma kafin bazara ta yi zafi. Ba su da fasfo, ba su da ɗan jagora, amma kowace shekara sun san hanya.

In ka ƙara gaba zuwa ƙasar Bade sai tafkin Dagona, wanda ya ke cikin gandun dajin Chadi da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991. Sunan Dagona ya kai Ingila tun da daɗewa, har Yarima Filib, mijin marigayiya Sarauniya Elizabet, ya tako ƙafa ya zo kallon tsuntsayensa a 1989. A ƙasar Bade ɗin kuma a ke bikin kamun kifi na Gogaram, inda masunta su ke faɗawa ruwa da gora da koma. Sai tafkin Nguru, wanda ya ke shan ruwa ta mashigar Marma. Nguru gari ne da kakanninmu 'yan kasuwa suka sani sarai, domin tun 1930 hanyar jirgin ƙasa ta isa can daga Kano, ana ɗebo gyaɗa da shanu da fatu. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, watau yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne na farko da aka sa daga Nijeriya. Baturiya da Dagona suka bi baya a 2008.

Mai sauran ƙarfi ya miƙa arewa zuwa ƙasar Yusufari, ya ga Tulo-Tulo. Can tuddan rairayi ne manya-manya, ka hau ka sauka, sai kwatsam ka ga ruwa da dabino da goriba a cikin kwari, kai ka ce an ɗauko su ne an ajiye. A irin waɗannan kwaruruka na ƙasar Manga a ke samo kanwar da ku ke aunawa a kasuwa.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan tsufa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Fune, sai ya ci karo da wani katako. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tone shi, sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa aka samu wajen 8,000. Ba a taɓa samun jirgin ruwan da ya kai shi tsufa a Afirka duka ba. Yanzu yana ajiye a Damaturu. Jama'a, tun kafin a gina dalar Masar mutanen wannan ƙasa su ke sassaƙa jirgi suna su. Yaranmu nawa aka gaya wa haka a makaranta?

To, ga inda maganar ta shafi aljihunku. Ke mai sayar da banda, daga ina tarwaɗa da karfasa su ke zuwa kasuwar kifi ta Haɗejiya? Kai mai tabarmi da faifai da igiya, kabar da a ke saƙa su da ita a ina a ke yanko ta? Shinkafar fadama, da tattasai da albasar rani, da shanun da su ke kiwo a burgu lokacin da daji ya bushe, duk ruwan nan ne ya ke ɗauke da su. Tafkin da Bature ya ke kallo da madubin hangen nesa, shi ne jarin da ku ke juyawa a rumfa. In ya mutu, Bature ya nemi wani wurin kallo. Ku fa?

Kuma ciwo ya riga ya kama shi. A da, kogi ya kan cika ya tumbatsa da damina, ya malale ƙasa mai faɗin gaske, sa'an nan ya janye ya bar danshi da taki, rani ya zo gindin kogi ya bushe. A kan wannan cika da janyewa manomi da masunci da makiyayi suka tsara shekararsu. Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1970 da na 1980. Malalen damina ya ragu ƙwarai, ruwan da a ke saki daga madatsun kuwa ya zama ɗan kaɗan-kaɗan ba yankewa, rani da damina. Irin wannan ruwa shi ciyawar kacala ta ke so. Ta cika mashigai, ta tare yashi da laka, ta toshe hanyar ruwa. Saboda haka sai ruwa ya karkata ya kwanta a gonakin waɗansu shekara da shekaru, waɗansu kuwa na can ƙasa wajen Gashuwa suna jiran abin da zai iso gare su. Cikin kacalar nan sauro ya ke haihuwa, cikinta kuma jan-baki su ke kwana, da safe su tashi su faɗa wa gero da shinkafa. In kuwa aka yi shekara mai ruwa da yawa, kamar 2012 da 2022, kogin da aka toshe wa hanya sai ya bi ta cikin gidajen mutane.

Kada wani ya ce muna ƙin madatsa. Mutanen Kano suna shan ruwanta, manoman Kadawa da Kura suna noman rani da ita, su ma talakawa ne 'yan'uwanmu. Abin da mu ke tambaya shi ne, sa'ad da a ke raba ruwan, wa ya ke zaune a madadin masuncin Nguru da manomin Guri? Masu binciken tattalin arziki sun lissafa tun farkon shekarun 1990, suka nuna ruwan da aka bari ya malala a fadamun nan ya fi kawo amfani bisa ga wanda aka tare a sama domin manyan gonakin ban-ruwa, in aka haɗa kifi da noma da itace. Lissafi yana nan a takarda. Sai dai mai fadama ba shi da kujera a inda a ke karanta takardar.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da dausayin Baturiya gandun ƙasa. Madalla, muna murna. Amma mun san halin gandu tun zamanin Turawa: a ja layi a taswira, a kafa allo, wanda kakansa ya yi su a wurin ya wayi gari ya zama ɓarawo. Mai yankan kaba ba shi ya tare kogi ba. Tsohuwa mai tsintar goriba ba ita ta kawo kacala ba. In doka za ta yi ƙarfi a kan mai lauje, ta yi laushi a kan mai hannu da shuni da ya zo da bindiga harbin dinya, ko mai loda motocin itace da gawayi, to wannan doka ba ta kiyaye tsuntsu ba, ba ta kiyaye mutum ba.

Saboda haka ga abin da mu ke nema a fili. Na ɗaya, a riƙa sakin ruwan madatsu bisa tsari, a bar kogi ya yi malalensa da damina, a kuma sanar da mutanen ƙasa kafin a saki. Na biyu, aikin yashe mashigai da cire kacala ya zama na kowace shekara, kada a tuna da shi sai ambaliya ta ci gari. Na uku, a sa wakilan masunta da manoma da makiyaya da mata masu saƙa cikin masu shawarar gandu, a ɗauki 'ya'yansu aikin tsaro da jagorancin baƙi, kuma wani kaso na kuɗin shiga ya tsaya a ƙauyukan, a gan shi a rijiya da asibiti da aji. Na huɗu, a gyara hanyoyin shiga, kuma kuɗin ƙofa ya zama wanda ɗan ƙasa zai iya biya.

Mu ma akwai namu laifi. Mai kama kifi da guba ko da taru mai ƙananan idanu, ya kwashe har 'ya'yan, cikin kansa ya ke yi wa ɓarna, kuma ɗan kasuwar da ya saya ya taya shi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Daga ƙarshe, gani ya kori ji. Ku 'yan ƙungiyoyin kasuwa da ku ke haɗa kuɗi ku ɗauki mota zuwa biki, ku haɗa sau ɗaya ku je Baturiya ko Dagona. Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanya ta bushe, baƙin tsuntsaye kuma sun sauka. Ku tashi da asuba, ku gai da mai gari, ku nemi ɗan jagora a cikin mutanen wurin ku biya shi haƙƙinsa. Masu nufin can arewa ko gabas su tambayi lafiyar hanya tukuna, domin tun 2009 waɗansu sassan Yobe da Borno sun sha wahalar rashin tsaro. Ku tafi da yara, su ga inda kifin miyarsu ya ke fitowa. Wanda ya ga wuri da idonsa ba ya yin shiru ran da aka zo raba ruwansa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana ruwanmu. Wassalam.