Navrongo: Makullan Bitrus ba za su hana katangar ƙasa jiƙewa ba

Duk wanda ya bi hanyar Bolgatanga zuwa iyakar Paga ya ratsa Navrongo, amma ba kowa ne ya san cewa a garin akwai majami'ar ginin ƙasa da ke da alaƙa ta musamman da Fadar Fafaroma ba. A 2006, lokacin da cocin Katolika ya cika shekara 100 a arewacin Gana, Fafaroma Benedict na 16 ya ɗaga darajarta zuwa "basilika". Tambayar da ta shafe mu, mu mazauna zango daga Salaga da Yendi har Bawku, ita ce: wa zai riƙe irin waɗannan gine-gine kafin ruwa ya cinye su?

Darajar basilika tana komawa ne ga Manzo Bitrus, ɗaya daga cikin almajiran Yesu, waɗanda Musulmi suka sani da Hawariyawa. Bisa al'adar Kirista, an kashe shi a Roma zamanin Sarki Nero, kuma a kan wurin da aka yi imani kabarinsa yake aka gina babbar majami'ar da ke Vatican, tun ƙarni na 4. Katolika suna ɗaukar kowane Fafaroma a matsayin magajin Bitrus. Shi ya sa majami'ar da ta zama basilika take da ikon amfani da tambarin makullai biyu, tana kuma girmama ranar 22 ga Fabrairu da 29 ga Yuni, ranakun tunawa da shi.

Hanyar da wannan igiya ta bi har ta iso Navrongo ta ratsa ƙasashen renon Faransa. Limaman da ake kira Fararen Fada, ƙungiyar da Kadinal Lavigerie ya kafa a Aljeriya a 1868, sun taso daga Wagadugu suka iso a 1906, daidai lokacin da gwamnatin Faransa ke takura wa coci. Suka yi gini da abin da suka tarar: tubalin ƙasa da itace. An faɗaɗa majami'ar a 1920, daga baya kuma matan Sirigu suka ƙawata bangon ciki da zanen gargajiyarsu. Sarautar daga Roma ta zo, amma hannun da ya kwaɓa ƙasar na nan ne.

A nan matsalar take. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma damina ta canza hali. A Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Bayan 'yan makonni ruwa ya rusa wani ɓangare na tsohon masallacin Bole a nan Gana. A Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Ruwan sama ba ya tambayar addinin katanga.

Wasu na cewa mafita ita ce siminti. Masallacin Larabanga ya riga ya ba da amsa: an shafe shi da siminti a shekarun 1970, danshi ya maƙale a ciki, gara ta shiga itace, har sai da aka kankare shi aka koma yaɓen ƙasa. Maganin yana hannun magina, su kuwa suna ƙarewa, domin saurayin yau ya fi ganin riba a bulo da kwano. Wannan ba laifinsa ba ne, muddin aikin yaɓe ba ya ciyar da gida.

Gwamnati ma tana da nata kason. Tun 2000 majami'ar Navrongo take cikin jerin wuraren da Gana ta ce za ta gabatar wa UNESCO, kuma har yanzu a jerin jira take. Wurare biyu da ƙasar ta samu shigarwa, ganuwoyin bakin teku a 1979 da gine-ginen Asante a 1980, duk a kudu suke. Nijar kuwa ta shigar da tsohon garin Agadez a 2013. Matsalar tsaro a Burkina Faso da rikicin Bawku sun ƙara sa baƙi ɗari-ɗari da zuwa arewa, kuɗin ziyara da za a yi gyara da shi ya ragu ke nan.

Abin da ya rage shi ne a daina kallon lamarin ta fuskar addini kaɗai. Hukumar gidajen tarihi ta Gana, da shugabannin cocin Navrongo-Bolgatanga, da sarakunan zango da limamai za su iya haɗa kai wajen horar da matasan magina, a biya su, su riƙa zagaya coci da masallatai kafin saukar ruwa. Hausawa sun san darajar Sarkin Magina tun daga Kano da Zazzau, don haka muna da abin da za mu kawo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da katangar Navrongo ta zube, masallacin unguwarmu ne ke biye.