Wuta-wuta Ba Ta Zama Taki

Akwai wani wasan sinima na Amurka mai suna Venom, wanda ya fito a 2018, samarinmu kuma suna kallonsa a wayoyinsu. Asalinsa daga littattafan zane ne na kamfanin Marvel, inda dodon ya bayyana sosai a 1988. Wasan ya tara kuɗi fiye da dala miliyan 850, har aka yi masa na biyu a 2021, da na uku a 2024. Dattijo zai ce wannan ai wasan yara ne. To, amma a cikinsa akwai abin da ya shafi kwananmu da tashinmu.

Ga yadda labarin yake. Wani ɗan jarida ne a birnin San Faransisko, sunansa Eddie Brock. Ya rasa aikinsa, ya rasa budurwarsa, duniya ta yi masa zafi. Ana nan sai wata baƙar halitta da aka ɗauko daga sararin sama ta shige jikinsa ta zauna. Ta ba shi ƙarfin da harsashi ba ya kama shi, amma kullum yunwa take ji, kuma abin da ta fi so shi ne kan ɗan Adam. Da likita ya duba shi sai ya tarar tana cin kayan cikinsa a ɓoye. A ƙarshe suka yi sharaɗi: ta zauna a jikinsa, amma kada ta ci kowa sai mugaye. Nan ’yan kallo suke tafi.

Manomi bai kamata ya yi tafi ba, don ya san irin wannan baƙo a gonarsa. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa ko masara tana tsotsa. Kafin ta fito da jan furenta mai kyan gani ta riga ta gama ɓarna. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuwa yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran shuka. Wa ya taɓa jin manomin da ya yi sharaɗi da wuta-wuta, ta ci dawar maƙwabci ta bar tasa?

Irin wannan sharaɗi mun gwada shi, ba sau ɗaya ba. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da ’yan bindiga, a 2020 ya fito da bakinsa ya ce sun ci amana. A watan Yuni na shekarar aka kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari, har ’yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kan Ado Aleru. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka sako 344. Jagoran wannan aika-aika, Auwalun Daudawa, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur’ani. Wata uku ba su cika ba ya koma daji, can kuma wasu ’yan bindiga irinsa suka harbe shi. Sai ga shi a 2025 an sake zaman sulhu a waɗannan ƙananan hukumomi, a na Faskari kuma aka ga Ado Aleru, mutanensa riƙe da bindigoginsu.

Ba ma zargin talakan da ya yi murna da sulhu. Wanda ya shekara biyar bai taka gonarsa ba, wanda ya sayar da shanun huɗa ya fanso matarsa, shi ya san abin da ake nufi da zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Gaskiya ne kuma, cikin mutanen daji akwai waɗanda aka fara zalunta: an sace musu shanu, an nome burtali, ’yan sa-kai sun kashe musu dangi a kasuwa ba shari’a. Su ma ’yan sa-kan ai baƙo ne da gari ya shigar a jikinsa don ya ci mugaye kaɗai, ya wayi gari ba ya bambancewa. Sai dai duk da haka, ba a ba kura ajiyar nama. Sulhun da mutum zai zo da bindiga ya koma da ita, ya sa wa ƙauye harajin noma, sunansa miƙa wuya.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne yaranmu. Yaro ya ga dodo a sinima ana yi masa tafi, ya ga ɗan bindiga a TikTok yana baje kuɗin fansa, ya gan shi kuma zaune kusa da manyan gari ana ɗaukar hoto. Me zai ɗauka a ransa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye da malamai su riƙa tambayar yara: shin wa ke gaya wa dodon wane ne mugu? Ran da mugaye suka ƙare, kan wa zai ci?

Shawararmu ga hukuma da sarakuna ita ce a bi dabarar manomi. Mai hikima yakan tuge wuta-wuta kafin ta zubar da iri, sa’an nan ya shuka auduga ko waken suya, irin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Haka za a yi. Duk sulhu a gina shi kan ajiye makamai da sakin kamammu, a rubuce, gaban shaidu. Mai jini a hannu ya gurfana gaban alƙali, ko daga daji yake ko daga gari. Masu kai rahoto da masu kai mai da abinci, su ne saiwar da ake tsotsa, a tone su. Rundunar tsaron al’umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa a 2023 a riƙe ta cikin doka. A mayar wa makiyayi burtalinsa da mashayarsa, a kai makaranta da asibiti rugage, don mai neman yaran da zai ba bindiga ya zo ya rasa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wasalam.