Cikar Iyaye Shekara 70: Kada Dangi Su Jira Ranar Ta'aziyya Kafin Su Haɗu

A 'yan shekarun nan bikin cika shekara 60, 70 ko 80 ya fara samun gindin zama a biranen Arewa. A da manyan ƙasa aka sani da shi, irin su tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon, wanda jaridu suka cika da saƙonnin taya shi murna lokacin da ya cika shekara 90 a watan Oktoban 2024. Yanzu kuwa abin ya sauko gidajen malaman makaranta da suka yi ritaya, da 'yan kasuwa, da tsofaffin ma'aikatan jinya. 'Ya'ya su haɗa kuɗi, a fitar da anko, a kama zauren biki, a yanka kek, kafin gari ya waye hotuna sun cika Facebook da WhatsApp.

Murnar tana da dalili. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna matsakaicin tsawon rayuwar ɗan Najeriya bai wuce shekara 54 zuwa 55 ba, duk da cewa yawan mace-macen ƙananan yara ne ya fi janyo adadin ƙasa. Masu shekara 65 zuwa sama kuwa kusan kashi 3 ne kacal cikin 100 na al'ummar ƙasar. Duk gidan da ke da uba ko uwa mai shekara 70 a raye, yana ji, yana gani, yana gane jikokinsa, Allah ya yi wa gidan baiwa. Abin tambaya shi ne yadda ya dace a nuna godiya.

Lissafin ranar haihuwa kansa baƙo ne a wurin yawancin dattawan. Kaɗan ne daga cikinsu aka rubuta ranar da aka haife su. Da wani abu da ya faru suke auna shekarunsu: an haife shi shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956, ko an yaye ta lokacin da aka kashe Sardauna a 1966, ko an yi musu aure shekarar da naira ta maye gurbin fam a 1973. Shi ya sa katin shaidar ɗan ƙasa na tsofaffi da yawa yake ɗauke da 1 ga Janairu, ranar da mai cike takarda ya zaɓa musu. Ga irin waɗannan iyaye, ranar ba ta dame su ba. Abin da ke sa su farin ciki shi ne su ɗaga ido su ga zuri'arsu a tsakar gida ɗaya.

Malamai sun yi saɓani a kan bikin zagayowar ranar haihuwa. Wasu suna kallonsa a matsayin koyi da al'adar da ba ta da asali a addini, wasu kuma suna ganin al'ada ce da babu laifi a cikinta matuƙar ba a haɗa ta da saɓo ko almubazzaranci ba. Kowane gida yana da malamin da yake bi, kuma hakkinsa ne. Sai dai ɓangarorin biyu ba su taɓa saɓawa a kan wajibcin kyautata wa iyaye da sada zumunci ba. Wanda bai yarda da kek da kyandir ba, babu abin da ya hana shi tara dangi a yi wa tsoho addu'a, a ci tuwo tare. A gidajen Kirista na Arewa ma, sujadar godiya da taron iyali su ne ginshiƙin irin wannan rana.

Buƙatar haɗuwar ta fi ta kowane lokaci, domin babban gida ya watse. A zamanin gandu, uba da 'ya'yansa da ƙannensa gona ɗaya suke nomawa, zaure ɗaya suke cin abinci. Yau ɗa ɗaya yana Abuja, wani yana Legas ko Fatakwal, wata tana aure a Maiduguri, wani yana neman kuɗi a Saudiyya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, ga fargabar masu garkuwa da mutane a wasu hanyoyin Zamfara, Katsina da Birnin Gwari. Sai zumunci ya koma cikin waya: a tura gaisuwar Juma'a a zauren WhatsApp na dangi, a ɗauka an sauke nauyi. Bahaushe kuwa cewa ya yi zumunta a ƙafa take.

Sakamakon haka, ranar da dangi suka fi cika gida ita ce ranar rasuwa. Wanda ya shekara biyar yana cewa aiki ya hana shi zuwa, da an kira shi an ce Baba ya cika, a ranar zai samu izini da kuɗin mota. Kwana uku ana zaman makoki, gida ya cika maƙil, ana ta ambaton alherin mamaci, alhali shi ba ya nan balle ya ji. Ƙoƙarin da ake yi a zo jana'iza, da an yi rabinsa tun yana raye, da tsohon ya ga abin da ya daɗe yana marmari. Cikar shekara 70 dalili ne mai kyau na yin wannan tafiya tun kafin ta zama ta dole.

Matsalar ita ce salon da bikin yake ɗauka yana neman kore manufar. Idan aka kai taro zauren haya, sai kati ya shigo. Idan kati ya shigo, sai a fara tace dangi. Abokan aikin 'ya'ya da manyan baƙi su samu kujerun gaba, gwaggon da ta yi goyon mai bikin ko baffan da ke ƙauye kuwa a ce za a aika musu da abinci. Anko kaɗai ya isa ya hana mace mai ƙaramin ƙarfi zuwa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Shi kansa tsohon a ɗora shi kan kujera a gaban lasifika mai ƙara, awa uku ana ɗaukarsa hoto, ya koma gida a gajiye bai yi hirar minti goma da kowa ba.

Taron da zai amfane shi ya fi wannan sauƙi da araha. A yi shi a gidan da tsohon yake zaune, ko a gidan gado, ranar da ma'aikata da 'yan makaranta suke hutu, kamar kwanakin da ke bin Sallah. A bar ƙofa a buɗe ga duk mai alaƙa ta jini ko ta aure. Kuɗin da za a kashe a zaure da ado, a biya wa dangin da ba su da hali kuɗin mota da shi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, a sa kowane ɗaki cikin shiri tun daga farko, domin taron da 'yan ɗaki ɗaya suka mallake yakan ƙara wa 'yan ubanci wuta. Haka kuma kada a manta da iyaye mata. Sau da yawa uba ake karramawa, uwar da ta yi shekara 50 tana riƙe da gidan kuma a bar ta a bakin murhu tana kula da girkin baƙi.

Abu na biyu shi ne a saurare shi. Dattijo mai shekara 70 ko 80 ya san daga inda kakanni suka taso, da dalilin da ya sa gidan ya baro wani gari, da yadda aka haɗa jini da wasu gidaje. Ya san wane ne taubashin wane. Jikoki da yawa a birni ba za su iya kawo sunan kakan kakansu ba, wasu ma sukan haɗu da 'yan uwansu na jini a jami'a ba su san juna ba. Wayar da ake ɗaukar hoto da ita za ta iya naɗar muryar tsoho na awa guda yana ba da tarihi. A sa wani yaro mai natsuwa ya rubuta salsalar gidan, a rarraba wa kowa. Wasan jika da kaka, wanda al'ada ta tanada, shi ne mabuɗin da ke sa tsoho ya saki jiki ya yi magana.

Na uku ya fi nauyi, kuma ba a bainar jama'a ake yin sa ba. Kotunan shari'a a Arewa suna fama da ƙararrakin gado, kuma da yawa daga cikinsu sun samo asali ne daga abin da mamaci kaɗai ya sani: iyakar gona, filin da aka ba wani aro, bashin da ake bin sa ko yake bi, amanar da aka ba shi ajiya. Tunda Allah ya haɗa 'ya'ya wuri guda, ya kamata manyansu su keɓe da mahaifinsu cikin ladabi, tare da wani baffa ko malamin da yake jin nauyi, a rubuta waɗannan abubuwa a gaban shaidu. Wasu za su ce wannan kamar yi wa tsoho fatan mutuwa ne. Amma addini da kansa ya kwaɗaitar da rubuta bashi da wasiyya, kuma dattawa da yawa suna son yin maganar, wanda zai buɗe musu ƙofa suka rasa.

Na huɗu shi ne abin da zai biyo bayan an watse. Hawan jini, ciwon suga, yanar ido da ciwon gwiwa su ne abokan tafiyar wannan shekaru, kuma maganinsu na kowane wata ne. A gidaje da yawa nauyin jinya yakan faɗa kan mutum ɗaya, galibi 'yar da ke kusa ko matar ɗan da ke zaune a gidan, sauran kuma sai kiran waya. Taron dangi shi ne wurin da za a raba wannan nauyi a fili: wa zai riƙa kai shi asibiti, nawa kowa zai riƙa sakawa a asusu duk wata, wa zai karɓi mai jinya idan ta gaji. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano, sun buɗe hanyar yi wa iyaye rajista. Kuɗin anko na gida guda zai iya wadatar da hakan.

Gwamnati ma tana da nata kason. An sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, amma tsohon da ke ƙauyen Jigawa ko Yobe da wuya ya taɓa jin sunanta. Ma'aikacin da ya ajiye aiki bayan cika shekara 60 ko shekara 35 yana hidima bai cancanci ya ƙare rayuwarsa a layin tantance 'yan fansho ba. Manoma da masu sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi rinjaye, ba su da fansho ko kaɗan. Ranar 1 ga Oktoba da Najeriya ke bikin samun 'yancin kai ita ce kuma Ranar Tsofaffi ta Duniya, amma da wuya a ji wani jami'i ya ambace su a jawabinsa. Har zuwa lokacin da hukuma za ta farka, dangi su ne fanshon talaka.

Gaskiya ne taron dangi ba ya rasa ƙura. Tsohuwar gaba takan taso, wani ya ji an raina shi, wata ta tafi da fushi. Shi ya sa ake kiran ɗan'uwa rigar ƙaya. Amma saɓanin da aka fito da shi a gaban uba, yana da bakin da zai tsawatar kuma a ji, ya fi sauƙin kashewa a kan wanda zai fashe ranar rabon gado. Gaskiya ne kuma mai hali yana da 'yancin kashe kuɗinsa yadda ya so. Sai dai ma'aunin nasarar taron shi ne abin da tsohon ya samu, da yawan dangin da suka koma gida suna jin an san da su.

Duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke dab da cika 60, 70 ko 80, ko da ba a san takamaimiyar ranar ba, ya tuntuɓi 'yan uwansa tun yanzu a tsayar da lokaci. A tambayi tsohon su wa yake son gani, a fara da sunayen da ya ambata. Allah ya ƙara wa iyaye lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.