Mai Gida, Fita Da Sigarinka Waje, Akwai Mai Ciki A Ɗakin



Yau da magidanta muke, kuma ba za mu ɓoye-ɓoye ba. Yawancinmu a nan Legas ɗaki ɗaya muke haya, a gidan da ƙofa ke kallon ƙofa. A wannan ɗakin ne wani zai kishingiɗa ya kunna sigari, ko ya tara abokai a shisha, alhali matarsa na ɗauke da cikin wata bakwai. Ita ba ta taɓa sa taba a baki ba, amma kullum sai ta sha rabonta.

A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu na jawo ciwon daji. Akwai iskar guba da ke rage iskar numfashin da jini ke kai wa ɗan tayi, ga nikotin mai matse jijiyoyin jini. Shi ya sa ake samun haihuwar bakwaini, da jarirai marasa nauyi, da mutuwar jariri farat ɗaya cikin barci.

Abin da ba mu cika magana a kai ba shi ne hankalin uwar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna matan da ke shaƙar hayaƙin wasu sun fi nuna alamun wannan ciwo, da cikin da kuma lokacin jego. Talauci da kaɗaici da rashin barci duk suna da hannu, to don me za mu ƙara wa mai kaya kaya?

A gida Arewa, mai jego na samun uwa ko gwaggo da za ta yi mata wanka, ta dama mata kunun kanwa, ta karɓi jariri har arba'in. A nan sau da yawa ba ta da kowa sai mijin. In ta shiga kuka ba dalili, ta ƙi abinci, ta daina walwala, sai mu ce raki ne, ko iska, ko sammu. Mu kwashi kuɗi mu tafi neman magani, kwalin sigarin kuwa yana nan kan taga.

Wani zai ce ai yana buɗe taga. Taga da fanka ba sa fitar da gubar, tana maƙalewa a labule da katifa da rigar da zai ɗauki jaririn da ita. Wani ya ce da kuɗinsa ya saya. Gaskiya ne, amma huhun matarka ba da kuɗinka ka saya ba. Dokar Jihar Legas ta 2014 da ta tarayya ta 2015 sun hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. In hukuma ta kare baƙon da ke cikin motar haya, kai me ya hana ka kare iyalinka?

Kiranmu ke nan: kada a sake kunna sigari ko shisha a ɗaki ko a barandar da mai ciki ko jariri ke ciki. Baƙo ma a gaya masa, ba rashin kunya ba ne. Wanda ya sha a waje ya wanke hannu ya canza riga, wanda ya iya bari ya fi. Mai jegon da damuwarta ta wuce mako biyu a kai ta wajen ma'aikatan asibitin da ta yi awo, ciwon yana da magani. In ta fara maganar cutar da kanta ko jaririn, kada a kwana, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a.

Sakataren Ƙungiya