Sanata Zai Tsaya Ko Ba Zai Tsaya Ba?

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, mu mutanen Minna mun fi kowa shan jita-jita. Dalili kuwa tsofaffin shugabannin ƙasa biyu suna zaune cikin garin nan, watau Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, masu neman mulki kuwa sukan zo gaishe su. Da an ga jerin motocin wani sanata sun hau tudu, kafin magariba magana ta cika gari, har ta iso ɗakunan kwananmu, wai wane zai nemi shugabancin ƙasa. In 'yan jarida suka tambaye shi, sai ya ce shi dai yana shawara da jama'a tukuna. A ganina wannan zance ba ya kai yawun da mu ke ɓatawa a kansa, ga kuma dalilina.

Ku tuna da shekarar 2018. An yi wata da watanni ana wannan ka-ce-na-ce a kan manyan Majalisar Dattawa. A watan Oktoba jam'iyyar PDP ta taru a Fatakwal domin fid da gwani, cikin masu nema kuwa har da sanatoci huɗu da ke kan kujera. Bukola Saraki, shugaban majalisar a sa'an nan, ya sami ƙuri'a 317. Rabi'u Musa Kwankwaso ya sami 158. David Mark, wanda iyayenmu suka sani gwamnan soja na Jihar Neja daga 1984 zuwa 1986, ya kuma yi shekara takwas yana shugabancin majalisar, ƙuri'a 35 ya samu. Jonah Jang ya sami 19. In ka tara su duka 529 ke nan, ba su ko kamo Aminu Tambuwal ba, wanda ya ke gwamnan Sakkwato lokacin, gama shi kaɗai ya sami 693. Atiku Abubakar ne ya ci da 1,532.

Abin ba wuyar ganewa. Sanatoci 109 ne, kowace jiha uku, Abuja ɗaya, amma gwamna ɗaya ne tak a jiharsa. Wakilan da ke jefa ƙuri'a wurin fid da gwani galibinsu ta hannun gwamna su ke fitowa, shi suka sani, shi su ke jin tsoro. Sanata yana da murya a Abuja, amma ba shi ke riƙe da akalar jam'iyya a ƙauye ba. Tun 1999 ba sanatan da ya tashi daga majalisa kai tsaye ya zama shugaban ƙasa. Wani zai ce to, Bola Tinubu fa? Gaskiya ne ya yi sanata daga 1992 zuwa 1993, amma shekara takwas da ya yi yana gwamnan Legas su suka gina shi. A Amurka ne aka ga irin wannan tsalle, ga Kennedy a 1960, ga Obama a 2008, can kuwa tsarin jam'iyyunsu dabam ne da namu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne halin mutanen da suka aika sanatan majalisa. Su aka bari tsaye a rana yayin da shi ke shawara. Ku dubi abin da ya faru a Yobe ta Arewa. A watan Yuni na 2022 Ahmad Lawan ya nemi tutar APC ta shugaban ƙasa, ya sami ƙuri'a 152, Tinubu ya sami 1,271. Kafin nan an riga an yi fid da gwani na kujerarsa ta sanata, Bashir Machina ya ci. Da Lawan ya faɗi a Abuja, jam'iyya ta miƙa sunansa a kan tsohuwar kujera. Aka shiga shari'a, kotuna biyu suka ba Machina gaskiya, sa'an nan a watan Fabrairu na 2023 Kotun Ƙoli ta ba Lawan. Hukunci ya riga ya wuce, ba ni da ta cewa a kansa. Amma fa wata takwas talakawan yankin ba su san wanda za su zaɓa ba, har ana saura 'yan kwanaki a jefa ƙuri'a.

Ga wani abin mamaki, wanda ya shafe mu masu koyon aikin malanta. Alhaji Shehu Shagari malamin makaranta ne, ya koyar a Sakkwato da Argungu. A 1978 kujerar sanata ya ke so, shi da kansa ya sha faɗin haka, sai abokansa na NPN suka matsa masa ya tsaya, ya hau mulki ran 1 ga Oktoba, 1979. Wanda ya nemi majalisa ya sami fadar, masu fitowa daga majalisa neman fadar kuwa har yau ana jiransu.

Na san akwai masu cewa ai kowane ɗan ƙasa yana da ikon ya tsaya, kuma gaggawa ba ta da kyau cikin babban al'amari. Na yarda. Ba wanda ya hana mutum shawara da iyalinsa da abokansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a buga hotuna a manna jikin bango, a ɗauki samari, har da ɗalibai irinmu, su riƙa yawo da kwalaye suna roƙon sanata ya taimaka ya fito, shi kuwa yana cewa bai san da maganar ba. Wa ya biya mai buga hoton?

Saboda haka, 'yan'uwa, in an zo ƙofar kwalejin nan da mota ana neman masu rakiya, ku yi tambaya biyu kafin ku bar darasi. Ta fari, mai gidan ya faɗa da bakinsa zai tsaya? Ta biyu, in ya faɗi, zai komo ya nemi kujerar da ya bari, ko ya sallama ta ga wani? In ɗan aiken ya kasa amsawa, ku ce masa kuna da shirin darasi na gwajin koyarwa da ba ku gama rubutawa ba.