Waiwaye: Isa Hayatu, ɗan Garwa da ya riƙe ƙwallon Afirka shekara 29

Isa Hayatu ɗan gidan sarauta ne. Mahaifinsa Lamiɗon Garwa ne, wansa Sa'adu ya riƙe firaministan Kamaru daga 1991 zuwa 1992. Amma shi Isa, da aka haifa a 1946, filin wasa ya nufa. Ya yi gudun mita 400 da 800, ya buga wa ƙasarsa ƙwallon kwando, sannan ya zama malamin motsa jiki a makaranta. Yana da shekara 28 aka ba shi babban sakataren hukumar ƙwallon Kamaru, a 1986 ya zama shugabanta, a 1988 kuma aka zaɓe shi shugaban hukumar ƙwallon Afirka, CAF, a Kasablanka.

Lokacin da ya hau, gurbi biyu kacal Afirka ke da shi a gasar cin kofin duniya. Kafin 1998 sun zama biyar. Gasar cin kofin Afirka ta tashi daga ƙasa 8 zuwa 12, sannan 16. A zamaninsa aka kawo kofin duniya Afirka ta Kudu a 2010. Waɗannan gurabe ba kyauta aka ba mu ba. Zaman taro ne, da ƙidayar ƙuri'u, da haƙurin ɗan fada wanda ya san lokacin magana da lokacin shiru. Ina ganin masu riƙe da ƙungiyoyinmu a Kano da Katsina suna raina irin wannan aiki na bayan fage, alhali da shi ake cin wasan kafin a busa usur.

Sai dai kujera ta yi masa daɗi. A 2010 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Togo wuta a Kabinda, aka rasa rayuka, Togo ta janye daga gasar cin kofin Afirka, CAF kuma ta dakatar da ita daga gasa biyu. Har yau wannan hukunci yana yi mini ciwo, ko da yake an janye shi daga baya. A 2012 aka gyara doka ta yadda sai ɗan kwamitin zartarwa ne zai iya neman shugabanci, a 2015 aka soke ƙa'idar da ta iyakance shekarun shugaba zuwa 70. Mutumin da ya buɗe wa nahiya ƙofa ya toshe wa na bayansa hanya, kuma ban ga abin da hakan ya ƙara masa ba.

A Maris 2017, a Adis Ababa, Ahmad Ahmad na Madagaska ya kayar da shi da ƙuri'a 34 da 20. Ya rasu a Faris ranar 8 ga Agusta 2024, saura kwana ɗaya ya cika shekara 78, aka kai shi Garwa aka binne. Allah ya jiƙansa.